Disket a Kan Sifikar Baba

Wata uku na yi ina buga littafin kakanmu, Malam, a shagon kwamfutar da nake aiki a Dutse. Fiƙihu ne da addu'o'i, da hannunsa ya rubuta kafin ya rasu. Da na gama sai na zuba shi a disket, ɗan baƙin faifan nan da muke adana aiki a ciki a lokacin. Mai shago ya goge na cikin kwamfuta, wai wuri ya yi masa kaɗan. Ban damu ba, tunda ga disket, ga takardun asali.

Na kai wa Baba gida Aujara a akwatin roba, na ce a ajiye inda ba zafi ba danshi. Abu ɗaya na manta ban faɗa ba.

Da damina ɗakin littattafan Baba, inda takardun asali suke, ya yi yoyo, gara ta ƙarasa abin da ruwa ya bari. Ranar da na ji, ko abinci ban tsaya ci ba na hau mota. Ina shiga zaure na tambayi disket, Baba ya nuna min sama yana murmushi. Ashe ya cire shi daga akwatin, wai roba ta cefane ce, ba ta dace da ayoyin Allah ba. Ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya ɗora a wuri mafi tsayi: kan babbar sifikar da yake tafsiri da ita.

Maganaɗisun cikin sifika yana goge disket, abin da ban gaya masa ba ke nan. Raina ya ɓaci har na buɗe baki, sai na tuna laifin nawa ne.

Tare muka taho Dutse, yana rungume da ƙyallen, ni kuwa sai addu'a. Na zura disket. Injin ya yi gurnani, ya yi shiru. Sau huɗu ina gwadawa, babu ko harafi.

Na gaya masa dalili ba tare da na iya kallonsa ba. Sai ya jawo kujera.

"Buɗe sabon shafi. Abin da na haddace zan faɗa miki."

Ya yi shafi shida ba gargada, a littafin da ya haura shafi ɗari. A na bakwai ya tsaya, ya maimaita layin, ya sake maimaitawa. Yatsuna na kan kibod ina jira, sai ya ce a hankali, "Daga nan kuma Malam ne kaɗai ya sani."