Igiyar Hular Rumbu

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa, a farkon daminar da na cika shekara takwas, zamanin mulkin Faransa. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, awaki suka shigo gida da gudu, Inna tana kwashe shanya tana kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Muna tsaye bakin ɗaki iska ta iso, da idona na ga hular babban rumbunmu ta ɗaga, ta juya a sama kamar faifai, ta faɗa bayan danga. Ruwa ya ɓarke a kan buɗaɗɗen rumbu, cikin damman geron da za mu ci har girbi. Kowa ya ɗauki salati. Ni kuwa na san abin da na yi.

Rumbunanmu na ƙasar Adar na laka ne, bakinsu a sama. Akan kifa musu hular ciyawa, a gicciya igiya biyu a kai, a rataya dutse a kowane bakin igiya don kada iska ta yi gaba da ita. A shekarar an ɗauki Baba aikin hanya na kumandan, wato Baturen mulki, sai kakanmu, Baba Tsoho, ya hau tsani ya ɗaure da kansa. Mutum ne mai ji da hannunsa, ko unguwar nesa an san igiyar kabar da yake tufkawa. Ni kuwa lokacin ba abin da ke raina sai lilo. In an aike ni rijiya ko tsintar itace, sai na biya ta gindin gawon bayan gidanmu inda lilon yake, Inna ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Kwana uku kafin hadarin igiyar lilonmu ta tsinke. Da rana tsaka, manya suna gona, na taka turmi na kwance duwatsu biyu, na zare igiya ɗaya daga kan rumbu. Na ce a raina ɗayar ma ta isa.

Washegarin hadarin gidanmu ya zama masussuka. Maƙwabta suka shigo, aka yi ta fito da damma ana bajewa a tabarmi, a kan zana, har bisa soro, mu yara muna korar kaji da kara. Na sama ya jiƙe sharkaf, wani ya tsira, wani ya yi funfuna, muka yi makonni muna cin tuwo mai warin ruma. Da Baba ya dawo, ya zagaya rumbun ya tsaya tsakar gida ya ce, "Wa yaɗ ɗamre hular ga?" Ina maƙale a bayan Inna. Baba Tsoho yana zaune kan buzunsa, bai ko dubi inda nake ba, ya ce, "Ni naɗ ɗamre ta. Halama hannun ya gaji." Baba ya durƙusa ya sassauta murya ya ce, "To Baba, daga bana ka huta da hawan tsani." Tsohon ya gyaɗa kai. Tun daga ranar bai ƙara taɓa rumbu ba, maƙwabta ma suka daina kiransa ɗaurin hula, suka koma gaishe shi kawai su wuce.

Na yi zaton na tsira. Bayan kamar mako guda ya kira ni inuwar zaure, da sunan tsokanar da yake kirana na wasan jika da kaka. Ya miƙo mini sabuwar igiya mai kauri ya ce, "Amshi, amaryata, wagga taki ta. Waccan da ke ga gawo ta rumbu ta, maido ta." Ashe ya gane tufkarsa tun ranar farko. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na karɓa, na kwanto waccan na ajiye a gabansa. Ban sake hawa lilo ba. Damina biyu bayan nan ya rasu, ban taɓa buɗe baki na wanke shi a gaban Baba ba.

Yau gero a buhu yake cikin mangaza, ɗakin ajiya mai rufin kwano, jikokina ba su san hular rumbu ba. Amma in 'yan'uwa sun taru da salla, sai an tuna "shekarar da rumbu ya tuɓe hula", a yi ta dariyar tuwo mai wari da korar kaji, wani ya ƙara da cewa tsufa ne ya kama Baba Tsoho. Nakan yi murmushi in sunkuyar da kai. Yanzu na girme shi a shekaru, nawa hannun ne ke rawa, kuma ina marmarin inuwar zauren nan ko sau ɗaya. Ɗaurinsa bai kwance ba, ni na kwance shi.