Ƙoƙunan Inna Hamsatu

Muna jingine kekunanmu gindin gawo, zufa na ɗiga, sai na ga yawancin ƙoƙunan Inna Hamsatu a kife.

Duk hutun vakans, mu da muka yi makarantar lakkol tare mukan tuƙa keke daga Filinge zuwa rumfarta da ke bakin hanya, mu sha hura, mu ci kopto, wato kwaɗon zogale. Tsohuwar na da al'adarta: duk wanda ya saba zuwa tana ware masa ƙoƙonsa, ta ɗaura masa zare mai kala. In mutum ya bar gari, sai ta kife nasa bisa katako.

A da mu goma sha ɗaya ne. Jiya mu uku muka je. Sauran sun tafi neman aiki Abijan da Libiya, Sani kuwa tun bara ba labarinsa.

Na ce, "Inna, ki wanke waɗanga ki riƙa ba baƙi mana."

Ta ce, "Waɗanne baƙi, ɗana? Tun da hanya ta ɓaci, wa ke tsayawa nan? Bar su kihe. In na ba wani ƙoƙon Sani, ke nan na yarda ba ya dawowa."

Ta zuba mini hura. Na kasa gaya mata cewa ni ma jakata a ɗaure take, Lahadi zan shiga mota.

Da muka hau kekuna na waiga. Ta ɗauraye ƙoƙona, ta kife shi kusa da na Sani. Ashe ta sani.

Ku fa, cikin abokan tasowarku, mutum nawa suka rage gida?