Jitar da Habu Ya Haɗa a Rumfata

A wannan watan ne ƙanena Habu, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwar Dutse, ya cika shekara tara da rasuwa. Ni ce babbar yayarsa, ni na goye shi, kuma a rumfar tsakar gidana ya yi aikin da ya fi ba shi wahala a rayuwarsa. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ji jikina ya mutu. Bana na ce ko a gajiye sai na yi.

Habu ya kamu da son jita, wato garayar Turawa, a wani biki ne a Kafin Hausa. Ya je haɗa musu lasifika, ya tarar da wani baƙo daga kudu yana kaɗa irin mai aiki da lantarki, ya dawo ba shi da zance sai nata. Daga baya wani ɗan kasuwa mai zuwa Legas ya kawo masa irin wadda ake sayarwa a warwatse cikin kwali: gangar jiki ta katako, wuya, tsirkiyoyi, da ƙullin leda cike da wayoyi, kai za ka haɗa abinka. Bai isa ya shiga da ita gidanmu ba. Baba ya riga ya gaya masa bai haifi maroƙi ba, shi kuwa ba ya maimaita magana. Shi ya sa kwalin ya sauka a wurina.

"Yaya, ajiya ce kawai," in ji shi. "Kafin ruwa ya sauka na gama."

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi girbi, Habu na nan a rumfata.

Irin wannan jitar ba ta da murya sai an ba ta. Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai wasu 'yan na'urori da yake kira fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi. Su ke jin motsin tsirkiya su miƙa wa lasifika. Ɗaya daga cikinsu ta iso a mace. Sai ya kwance wayar cikin wata tsohuwar rediyo, ya zauna yana naɗa ta da hannu. In ya kusa gamawa ta tsinke, ya warware, ya koma farko. Warin dalma ya riƙa gauraya da ƙamshin miyata. In aka ɗauke wuta ƙarfen liƙinsa ya huce, sai ya tura shi cikin garwashin murhuna, ina faɗa yana ba ni haƙuri.

Da ya haɗa komai ya jona, sai lasifika ta ɗauki ƙugi kamar an taɓo gidan zuma. Wannan ƙugin ya fi naɗin waya cin ransa. Ya sauya wayoyi, ya shimfiɗa takardar gwangwani mai ƙyalli a ramin da suke kwance, duk a banza. Ashe wata 'yar waya guda ce da ya kamata ta taɓa ƙarfen da ke riƙe da tsirkiyoyin, dalmarta ba ta kama ba. Ranar da ya gano, bayan la'asar, ya kira ni da matarsa Ladidi. Ya kaɗa mana wani kiɗa mai kama da na garaya, amma da wata murya mai ja, wadda ban taɓa ji ba. Kajina suka watse. Ladidi ta rufe baki da gyale tana dariya, idonta na hawaye.

Yau in na bi ta bakin kasuwa, shagonsa ya koma wurin cajin waya. Ba wanda ke kai rediyo gyara yadda ake yi da. Abu ya lalace a yar, a sayi wani. Jikokina na nuna min waƙar da suka ce ba mutum ne ya kaɗa ta ba, waya ce ta shirya. Nakan tambayi kaina me Habu zai ce. Ina jin ba zai yi mamaki ba, domin tun yana raye ya ɗanɗana. Ya taɓa ɗaukar jitar ya hau mota zuwa Kano, wurin masu ɗaukar waƙa, da fatan za su sa shi a aiki. Ya dawo ya jingine ta a bango, bai ko taɓa abincin da na ajiye masa ba.

"Sun ce akwai jita a cikin fiyanonsu, Yaya. Maɓalli ɗaya za su danna."

"Kai kuma me ka ce?"

"Na ce Allah ya ba da sa'a."

An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ba a faɗi inda makaɗin zai sa kansa ba. Habu ya koma kan rediyoyinsa. Yakan biyo ranar Juma'a ya kaɗa kaɗan, a hankali, don kada maƙwabta su kai wa Baba. Da ciwon ƙoda ya kama shi, yatsunsa suka kumbura, ya daina.

Bayan an share makoki, Baba ya zo gidana, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya zauna a rumfar ya ce, "Ina abin nan nasa?" Na ɗauko. Ya juya ta, ya leƙa ramin wayoyin, ya daɗe yana duban liƙin dalmar. Sai ya ce, "Aikinsa da tsabta." Ya miƙo min. Ko da ya so ya ji muryarta, babu mai kaɗawa. Shi ma bai daɗe ba ya bi bayansa.

To me ya saura? Jitar na bayan ƙofar ɗakina, tsirkiyoyinta sun yi tsatsa. Ladidi ta yi aure a Haɗeja, kuma haka ya dace, rai dangin goro ne. 'Ya'yansa sun san babansu ya iya kiɗa ne don an gaya musu. Ba mu ɗauki muryar jitar a komai ba, muna ganin akwai gobe. Kiɗan da ya yi mana ran nan a kaina nake riƙe da shi, kuma na lura bana tsakiyarsa ta fara ɓace min.

Amma kwanan baya na je gaisuwar mutuwa Aujara, wata tsohuwa ta ji an ce ni yayar Habu mai rediyo ce. Ta ja ni ɗakinta, ta kunna min wata rediyo da aka ɗaure da tsumma. Ta ce tun da ya taɓa ta ba ta sake yin shiru ba, da ita take jin tafsiri duk azumi. Na zauna a bakin gadonta muka saurari sanarwar ɗaurin aure da cigiyar akuya har aka gama. Ban yi tsammanin a nan zan sami Habu ba.

Allah ya ji ƙanka, Habu, ya sa wahalar ta ƙare a nan.