Hajja Habibatu da Ɗan da Ba Ta Kiran Sunansa

A Ƙofar Wambai, in ka ce Hajja Habibatu mai fura, ba wanda zai tambaye ka wace ce. Iyayenta Fulanin wajen Zungur ne, aure ne ya kawo ta cikin gari. Shanun gidansu sun daɗe da ƙarewa, amma damun furarta yana nan yadda yake. Kullum da hantsi takan hau keke mai ƙafa uku da ƙwaryarta zuwa Yelwa, inda ɗaliban jami'a ke jiranta. Baki gare ta kamar reza. Ɗalibi ya tsaya jan ciniki, sai ka ji ta ce, "Ɗan boko, furar ma sai an karanta maka?"

Wannan bakin kuwa, duk kaifinsa, akwai mutum ɗaya da bai taɓa ambata ba, wato Hamma, ɗanta na fari. Kunya ce irin tasu. Tun yana jariri ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba, kakarsa ce ta raine shi. In zancensa ya kama dole, sai ta ce "wancan". Da ya shiga soja aka tura shi gabas inda ake faɗa, maƙwabta suka shigo yi mata addu'a, ita ko ta ci gaba da dakanta kamar ba da ita ake ba.

To, amma uwa uwa ce mana! In ya bugo wa ƙanwarsa Salma waya, Hajja takan tsiri share tsakar gida kusa da su, ta kasa kunne. In aka kwana biyu bai bugo ba, tambaya ba ta yiwuwa, sai ta haɗiye. Ko rediyo aka buɗe, gabanta sai ya faɗi.

An daɗe da gaya mata tana da hawan jini. Maganin kuwa sai ran da kanta ya sara take sha, wai ita ba ta ga dalilin da mai lafiya zai riƙa haɗiyar ƙwaya ba. Haka aka tafi har ƙafafunta suka fara kumbura, silifa ta daina shiga. Salma ta ja ta asibiti tana mita.

Likitar, wata matashiya, ta duba sakamakon gwajin, ta ce ƙodarta ta fara gajiya.

"Mama, kin taɓa gyara ƙodar ragon layya?"

"Tun ba a haife ki ba," in ji Hajja.

"To, a samanta akwai wani ɗan abu cikin kitse. Duk sanda gabanki ya faɗi, yana sakin sinadarin da ke sa zuciya gudu, jijiyoyi su tsuke. Ita ma ƙoda sai ta ɗauka jini ne ya yi ƙaranci, ta saki nata, ta ƙara matse jijiyoyin, ta riƙe gishiri da ruwa. Wannan ya zuga wancan, wancan ya zuga wannan, ƙodar kuma ita ke ji a jikinta. Magani kullum, gishiri a rage. In ba haka ba, nan gaba sai wankin ƙoda. Amma Mama, me ke damunki?"

"Ni? Ba komai, alhamdulillahi."

Salma ta ce, "Yayana ne, likita. Soja ne."

Wallahi kallon da Hajja ta yi mata, da a gida ne da ta sha muciya.

Maganin dai ta shiga sha, gishirin ma ta rage tana tsaki. Jinin ya sauka kaɗan, ya tsaya. Sai kuma aka shiga wani lokaci da Hamma bai bugo ba, har fura ta fara kwana a ƙwarya. Abin ya ba Salma tausayi, ya kuma ba ta haushi. Wata rana da la'asar layinsa ya shiga, ba ta yi shawara da kowa ba ta danƙa wa uwar wayar a hannu.

"Inna, kunyar nan za ta cinye miki ƙoda. Ki yi masa magana."

Ta fita, ta ja ƙofa.

Hajja ta riƙe wayar kamar garwashi. Ta yi sallama. Daga can aka amsa, ana jin iska da ƙarar mota. Sai Hamma ya ce, cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙuwa, "Don Allah, wa ke magana?"

Ashe bai san muryarta a waya ba. Ina zai sani? Hajja ta zauna a bakin gado, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Ta ce, "Ni ce. Uwarka ce."