Gurbina a Siton Riɗi

Shekarar da damina ta yi mana gardama, geron da muka samu bai kai mu ko'ina ba, sai na shiga cikin matan ƙauyenmu masu zuwa tsintar riɗi a wani sito kusa da Dawanau. Maigidana bai so ba da farko, amma da ya leƙa rumbu sai ya bar ni na tafi. Da sassafe motar a-kori-kura take kwasarmu a bakin titi, ta dawo da mu dab da magariba, kowacce gashin idonta fari fat saboda ƙura.

Aikin ba shi da wuya, sai dai cin baya. A zube riɗi a kan leda, mu miƙe ƙafa, mu tankaɗe, mu sheƙe, mu tsince tsakuwa. Maza ke awo da ɗinkin buhu, kuma kowa ya san abin da ake ba su ya fi namu. Ba mu taɓa ɗaukarsa abin magana ba. Wurina yana jikin ginshiƙi kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa, ga abin jingina.

Cikina ya fito sosai lokacin da baƙi suka zo daga birni. Ranar an share siton tas, an raba mana sababbin takunkumi. Baƙin mata biyu ne, wata dattijuwa mai tabarau da wata budurwa mai ɗaukar hoto da waya. Dattijuwar ta ce doka ta ba mace mai aiki hutun haihuwa, ba a korarta don ta yi ciki, kuma in aiki ɗaya ne to lada ɗaya ne, mace ko namiji. Manaja na tsaye a gefe yana gyaɗa kai.

Maƙwabciyata, wadda ta girme ni nake kiranta Yaya, ta zungure ni. "Ke ce mai ciki, tambaye ta mana."

Na ce, "Hajiya, har da mu?"

Ta ce, "An ɗauke ku aiki a rubuce?"

Muka kalli juna. Manaja ne ya amsa. "Ai 'yan aikin yini ne, Hajiya. Wadda ta zo ta yi, a sallame ta."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "To, naku da sauran aiki a kai. Amma ana ƙoƙari, in sha Allah." Ba na jin yaudararmu ta yi. Kafin ta tafi ta riƙe hannuna, ta duba ƙafafuna da suka kumbura, ta ce in riƙa hutawa.

Na ci gaba da zuwa. Naƙuda ta kama ni a bayan mota muna hanyar gida, matan suka kare ni da zannuwansu har muka isa asibitin garin da ke gaba da mu. Namiji ne, bai zo da rai ba. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko zan gan shi. Na gan shi. Yana da gashi da yawa.

Inna, mahaifiyar maigidana, ita ta yi mini wankan jego. Ruwan zafin na sauka a jikina ina jin sa kamar a jikin wata ake zubawa. Mata suna shigowa suna cewa Allah ya sa mai ceto ne, ina cewa amin. Nono ya kawo, ya yi tauri, ya koma. Inna ta sha zuba mini ido tana jira in yi kuka. Ni ma na jira, bai zo ba. Abin da na fi tunawa a kwanakin nan shi ne wata kaza da ke tona a gindin randa, kullum wuri ɗaya.

Da na yi arba'in na hau mota da sauran mata. Yaya ta gaishe ni tana kallon wani wajen. Da muka shiga sito na tarar da wata zaune a jikin ginshiƙina, faifai a cinyarta.

Manaja ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, mun ji abin da ya faru. Amma wallahi mun cika."

Yaya ta biyo ni waje. "Ƙanwata ce," in ji ta. "Mijinta na kwance tun bazara. Na ga in ban kawo ta ba wata za a sa."

Na ce, "Ba komai, Yaya."

"Don Allah ki yi mini faɗa ko na ji sanyi."

Na duba cikin raina ko akwai faɗan, ban samu ba. Na ce ta koma kada a ga ba ta nan.

Motar ba ta komawa sai yamma, don haka na wuni a gindin wata darbejiya kusa da wata mai suyar awara. Da rana ta yi ta ce in kula mata da kasko za ta yi salla. Na yi ta juya awara har ta dawo. Manyan motoci suna shiga suna fita.

A gida maigidana ya tambaye ni yaya aka yi. Na ce sun cika. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na hura wuta na ɗora tuwo.

Da kaka ta yi na bi mata roron wake a gonakin mutane, daga baya aka samar mini wuri a wani siton da ake tsintar zoɓo. Har yau can nake, ba a rubuce ba. Bara ƙanwar Yaya ta haihu, na je suna. Aka miƙo mini jaririyar na karɓa, tana da nauyi, tana barci. Na riƙe ta har hannuna ya gaji, na miƙa wa ta kusa da ni, na nemi takalmana saboda hadari ya haɗo.