Ledar da Inna Ta Shanya

Shekarar da yajin aikin jami'a ya ƙi ƙarewa na koma gida Danja da bokiti mai murfi, na rungume shi a mota kamar jariri. A cikinsa akwai aikin digirina na biyu: 'yan fallayen roba, sirara, masu launin ruwan zuma. Na daɗe ina jiƙa robar a asid mai farar wuta, irin na ruwan batir, har ta koyi wucewa da ƙwayoyin caji a wani batir mai shan iskar haidurojin ya ba da lantarki. Sharaɗinta ɗaya ne, ta zauna a ruwa. Tawa in ta bushe tsagewa take yi, kuma maganin da na haɗa ta da shi ya ƙare, babu wani.

Baba na zauna na yi wa bayani, don shi ne mai tambaya. Ya saurara tsaf, ya ce, "To, injiniyan leda." Shi dai so yake in bar boko in kama masa gonar tumatir, bai taɓa ɓoyewa ba. Inna ban gaya mata komai ba.

A gidanmu duk abin da ya jiƙe shanya shi ake yi. Ranar kasuwa na fita, Inna ta buɗe bokitin, ta ga abu ya kwana a ruwa zai ruɓe. Ta jera fallayen a tabarma gefen yankakken tumatir, har da ɗora tsakuwa kada iska ta ɗauke. Baba yana zaune a gindin darbejiya yana kallonta. Ya sani sarai, amma bai hana ta ba.

Na dawo na tarar sun kanannaɗe, duk tsaga. Baba ya ɗauki ɗaya ya murtsuke, ya karkaɗe hannu.

"Ka gode wa uwarka," ya ce. "Gobe da asuba akwai ban ruwa."

Har yau ban yafe masa ba, kuma ba na jin kunyar faɗi. Da aka janye yajin ban koma ba, don babu abin da zan kai.

Inna ce ta fi ni shan wuya, don Baba ya riƙa ba baƙi labarin a gabanta yana dariya. Ta tsufa yanzu. Wani lokacin muna yankan tumatir sai ta tsayar da wuƙa, ta ce, "Wai da an mayar da su ruwa, ba za su tashi ba?"