Dariya a Ɗakin Takaba

Mu huɗu ne tun makarantar 'yan mata, kuma babu wadda ta san ko kalma ɗaya ta Sifaniyanci a cikinmu. Duk da haka mun kwashe shekaru muna kallon wani wasan barkwanci na ƙasar Sifaniya. Mai haɗa mini tauraron talabijin a gidana na Minanata ne ya kamo tashar bisa kuskure, na hana shi gyarawa. Wasu abokai ne a wasan, ba su da aiki sai zaman falo ɗaya, su yi faɗa su shirya. A gabanmu furfura ta fito musu, mu ma ta fito mana.

Da yake ba ma jin abin da suke faɗa, sai muka raba su tsakaninmu. Duk Asabar bayan la'asar mukan kashe muryar talabijin, kowacce ta yi wa nata magana da Hausa. Ni aka ba wata tsohuwa mai masifa, ba kuwa wadda ta ce ban dace ba. Wani mai sanƙo da tumbi ne ya rasa mai shi, sai mijin ƙawata ta Ƙofar Rini ya ɗauke shi. In ya zo ɗaukar matarsa ya yi sallama daga bakin ƙofa, ko kuka mai sanƙon yake yi, maganarsa ɗaya ce: "Wa yac canye mani tuwo?"

Da Allah ya yi wa mijin nata rasuwa, ƙawata ta shiga takaba a gidansu, yayar mijin ta tare wurinta. Hajiya muke ce mata. Ta kashe rediyo, ta hana hira, duk wanda ya shigo sai ya yi magana ƙasa-ƙasa. Bayan an watse zaman makoki na je na tarar ƙawata ta zabge, wuya ya fito, kwanon abinci a rufe gefen tabarma tun na rana. Kome ka tambaye ta, "lafiya lau". Tsoro ya kama ni, daga baya raina ya ɓaci.

Na sauke wasan a kwamfutata a ofishinmu na Sama Road. Ranar Asabar na rungumo kwamfutar a kan babur ɗin kabu-kabu zuwa gidan ƙawata, na kira sauran biyun. Suka zo suna raɓe-raɓe kamar waɗanda suka fasa tulu.

Hajiya ta tare mu a ƙofar ɗaki. "Wanga mine na kunka shigo da shi?"

Na ce, "Kallonmu na, Hajiya. Yau Assabar."

"Ɗakin takaba? Ke ɗiyar malamai, ba ki jin kunya?"

"Hajiya, an hana ta kwalliya da turare da kwana waje, mun ji mun bi. Ban ji inda anka hana ta dariya ba. In akwai, ki gwada mani, yanzu in naɗe kayana. Amma ba ni zuba ido yunwa ta kai ta inda yat tahi."

Ta ce sai ta gaya wa maigidana. Na ce ta gaishe shi, ya san halina. Har yau ban yi nadamar wannan maganar ba. Ta zauna a bakin ƙofa da carbinta tana harararmu, mu kuma muka kunna.

Wasan bai yi armashi ba. Na zage na yi masifata, ba wadda ta murmusa. Doguwar matar da ƙawata take yi wa magana ta shigo ta fita, bakinta yana motsi, ɗakin shiru.

Sai ga mai sanƙo ya shigo ya buɗe firji. Na miƙa hannu zan rufe kwamfutar. Ƙawata ta riƙe mini hannu. Ta kumbura murya, muryar da ta dishe don rashin magana, ta ce, "Wa yac canye mani tuwo?"

Dariya ta kubce mata, ta koma kuka, muka taya ta duka biyun. Na waiwaya ina jiran faɗa, na ga Hajiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Can ta ce, "Tun yana yaro haka yaka cewa."

Ita da kanta ta jawo kwanon abincin ranar da ke rufe gefen tabarma, ta buɗe, ta tura shi gaban ƙawata. Tuwon ya yi sanyi, amma ta ci.